Mota ta kawo wutar VSC an ce sansar sitiyari ce: tambayoyi da amsoshi kafin ka cire kuɗi

Waɗannan tambayoyi ne da masu mota suke ta maimaita min a gareji da kuma ta waya, musamman masu Toyota da Lexus da Honda da Marsandi 'yan Beljiyam, in wutar VSC, wato ta tsarin hana mota zamewa, ta kawo a dashbod, shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya. Tun daga farko in faɗa muku inda na tsaya, yawancin motocin da ake cewa sansar sitiyarinsu ta mutu wallahi sansar lafiyarta ƙalau, wani abu ne daban ya sa take ba da labarin da kwamfutar motar ta ƙi yarda da shi.

Oga wai mece ce ma sansar sitiyarin nan, a ina take?

Wata 'yar zobe ce ta roba da take zagaye da sandar sitiyari, a bayan sitiyarin da kake riƙewa, cikin murfin nan da sandar sigina da ta waifa suke fitowa. A motoci da yawa manne take da ribon ɗin da yake kai wuta ga hon da eyabag, a wasu kuma tana can ƙasa kusa da ƙafar direba, wasu masu sitiyarin lantarki ma a cikin rak ɗin, wato ƙarfen da yake tura tayoyin gaba hagu da dama, aka saka ta. Aikinta ta faɗa wa kwamfuta abu uku, ina ka juya sitiyari, digiri nawa ka juya, kuma da wane irin sauri ka fizge shi.

Kala-kala ce. Akwai tsohon yayi mai ɗan ƙarfe da yake goga a kan layi yana canja wuta tsakanin 0 da volt 5, wannan ita ce take cinyewa da tsufa. Akwai mai ɗan haske da faifai mai huji-huji tana ƙirga hujin, ita ƙura ce da maiƙo abokan gabanta. Sai ta zamani mai maganaɗisu da ƙananan giyoyi na roba, ba abin da yake gogar wani a cikinta shi ya sa ba kasafai take mutuwa haka kawai ba.

To me ya haɗa sitiyari da birki da har ABS za ta kawo wuta?

ABS ita ce take hana tayoyi kullewa in ka taka birki da ƙarfi, tsarin hana mota zamewa ne kuma ya haɗa su. Toyota suna ce masa VSC, Honda VSA, Marsandi da Volkswagen da Fijo ESP, BMW DSC, Nissan VDC, Chevrolet da GMC kuma StabiliTrak, suna ne kawai ya bambanta. Marsandi da Bosch ne suka fara fito da shi a 1995, Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga modal 2012, Turai kuma duk sabuwar mota daga ƙarshen 2014, shi ya sa da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas suna da shi.

Kwamfutar birki kamar alƙali take da shaidu uku a gabanta. Sansar sitiyari tana faɗin inda direba yake so ya nufa, wata sansa da take ƙarƙashin kujera ko tsakiyar mota tana faɗin yadda jikin motar yake juyawa a zahiri, sansocin tayoyi huɗu kuma suna faɗin gudun kowace taya. In bakinsu ya zo ɗaya shikenan. In ka sha kwana a santsi motar ta ƙi bin sitiyari sai kwamfutar ta matse birkin taya ɗaya tak ta rage totur ta dawo da kai hanya. In kuma shaidar ta yi ta karo da juna ba dalili, sai ta ɗage zaman, wato ta kashe tsarin ta kunna maka wuta. Abin lura shi ne ba lallai ta san wane ne maƙaryacin ba, sau da yawa sunan sansar sitiyari take rubutawa alhali laifin na wani ne.

Wace alama zan gani in matsalar daga nan take?

Ta farko wutar nan mai hoton mota da layi biyu a karkace a ƙarƙashinta, ko rubutun VSC, TRAC OFF, VSA ko ESP. Ta biyu wadda ta fi tsoratar da mutane, kana cikin kwana a busasshiyar kwalta ba ruwa ba yashi sai ka ji motar ta yi ƙugi gurr ta kama birki da kanta, wutar tana ƙiftawa wani ƙara yana fii fii, totur ya mutu na ɗan lokaci. Masu Sienna da Highlander da tsofaffin RX sun san wannan sosai.

Sauran ƙanana ne, layin kyamarar ribas ya daina lanƙwasa in ka juya sitiyari, AFS OFF tana ƙiftawa a Lexus masu fitilar da take bin kwana, kurus ya ƙi shiga, a wasu motocin sigina ta daina kashe kanta bayan kwana, masu sitiyarin lantarki kuma ka ji ba ya dawowa tsakiya yadda ya saba. Amma fa kowace daga cikin alamomin nan wani abu daban zai iya kawo ta, don haka alama ba hujja ba ce.

Malam tawa Camry ce, cek injin da VSC da TRAC OFF duk sun kawo lokaci ɗaya, mai wayarin ya ce sansar sitiyari

Kar ka saya tukunna. A Toyota da Lexus da yawa haka aka tsara su, da zarar kwamfutar inji ta ga matsala ta kunna cek injin sai ita ma kwamfutar birki ta kashe VSC ta rubuta kod, wato lambar matsala, C1201, ma'anarsa kawai inji ne ba lafiya ni ba ruwana. Abin da ya jawo zai iya zama sansar oksijin, ko fulogi da koyil, ko murfin tanki bai rufu ba, ko kuma abin da ya fi yawa a wajenmu, an fasa katalis an cire shi sai P0420 ya fito. Ka gyara na inji a goge kod, sauran wutar za su tafi da kansu. In wutar uku suka zo tare kusan kullum daga inji ake farawa.

Na sa 'yar kwamfutar nan ta waya ba ta nuna komai ba

Ba za ta nuna ba ai. Ƙananan ELM327 ɗin nan masu bulutut da ake soka wa mota a haɗa da wayar hannu yawanci kod ɗin inji kawai suke karantawa, masu farawa da P. Matsalar sitiyari da birki tana zuwa ne da C, ta rashin magana tsakanin kwamfutoci kuma da U, sai an shiga cikin kwamfutar ABS ɗin kanta. Kana buƙatar babbar sikana, wato na'urar karanta kod, irin su Launch ko Autel, ko ta kamfani, Techstream ta Toyota, HDS ta Honda, VCDS ta Volkswagen da Audi, Xentry ta Marsandi.

Waɗanda aka fi gani: a Toyota C1231 matsalar layin sansar, C1290 tsakiyarta ta kauce, C1210 da C1336 kuma suna nufin ba a yi saitin sifili na sansar jikin mota ba, C1241 ƙarancin wuta ne. A Nissan C1143 da C1144, na biyun saiti kawai yake nema. Volkswagen 00778, su G85 suke kiran sansar. Chevrolet da GMC C0455 da C0710. Sai U0126 da kowace mota za ta iya kawowa, wato sansar ta yi shiru ba a jin ta kwata-kwata, da U0428, ana jin ta amma abin da take faɗa bai shiga hankali ba. Dan Allah ka ɗauki hoton kod ɗin da wayarka kafin a goge, yara da yawa hannunsu yana rawa su danna gogewa, in an goge an zubar da rabin binciken.

Toh kod ya ambaci sansar da sunanta, ba shikenan sai canji ba?

A'a, nan ne ma aikin ya fara, kuma nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya sayi sikana kawai. Ka ce a buɗe maka wajen da sikana take nuna bayanai kai tsaye mota tana kunne, a zaɓi digirin sitiyari, ka zauna kai da kanka ka kalli lambar.

A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri tayoyi sun miƙe sak, tambarin sitiyari a tsaye. Lambar ta zama sifili ko kusa da shi, digiri 2 ko 3 ba komai, in ta haura 5 a fara zargi. Sai ka juya a hankali zuwa dama, a hankali fa kamar mai tsoron tada barci, lambar ta dinga hawa 10, 20, 30 ba tsalle, kwata ɗin zagaye ya ba ka wajen 90, rabi 180, cikakken zagaye 360, ka ci gaba har ƙarshe, yawancin ƙananan motoci za ka ga wajen 450 zuwa 540. Ka dawo tsakiya ka ga ta koma inda ta faro, sai ka yi hagu, lambar ta fito da alamar ragi a gabanta ko akasin haka ya danganta da kamfani, kuma ƙarshen hagu da ƙarshen dama su yi kusan daidai.

Yanzu ga yadda ake karanta abin da ka gani. In lambar tana tafiya sumul amma a tsakiya tana nuna 15 ko 25, sansar lafiya lau, saiti ne ko alaimen. In a tsakiya tana nuna wajen 360, an juya ta zagaye guda lokacin wani aiki, a kwance a mayar da ita. In hagu ya ba ka 600 dama 400, sitiyarin ba a tsakiyar rak yake ba. In kana juyawa ta tashi daga 40 ta faɗa 200 ta dawo, ko ta tsaya cak a wani wuri sitiyari yana tafiya, ko ta ƙi motsi sam, ko ta kafe a wata mahaukaciyar lamba da sitiyari ba zai taɓa kaiwa ba, toh wannan kam sansar ce ko soket ɗinta. Ni nakan ɗan bubbuga murfin sandar da tafin hannu in kuma ɗaga sitiyarin sama da ƙasa ta wajen lebar daidaitawa ina kallon lambar, in ta yi tsalle lokacin to waya ce take jan jiki, ba sai an sayi komai ba.

In duk wannan ya fita lafiya a fita titi, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da sikana, kar direba ya haɗa biyun. A miƙaƙƙen titi a duba digirin yana kusa da sifili, a duba gudun tayoyi huɗun sun yi daidai, a duba sansar jikin mota ita ma tana sifili. Sau da yawa a nan asiri yake tonuwa, ka ga taya ɗaya tana ba da 57 sauran suna 60 saboda an sa mata wata saiz daban ko boris ya yi wasa.

Daga wajen masu alaimen na fito wutar ta kawo, su suka ɓata min?

Ba su ɓata sansar ba, aikin ne bai ƙarasa ba. Kwamfuta ta riƙe tsohuwar tsakiya, su kuma sun taɓa tayarod sun canja inda tsakiyar take, dole a sanar da ita sabuwar. Shi ya sa a mota mai VSC alaimen da saitin sansa tare suke tafiya.

Amma akwai wata ɗabi'a da take ban haushi. An gama alaimen ka hau titi ka ga sitiyari ya karkace, ka koma, maimakon a sake shiga ƙarƙashi a rage tayarod ɗin gefe ɗaya a ƙara na ɗaya gefen, sai yaro ya ɗauko sifana ya kwance sitiyarin gaba ɗaya ya matsar da shi haƙori biyu ya ɗaure, ya ce Alhaji ga shi ya miƙe. A tsohuwar 504 ko Golf 3 ba wanda zai kama ka. A motar zamani kuwa ido ya ga ya miƙe amma rak ba ya tsakiya, kwanar hagu ta fi ta dama zurfi, ribon ya matsu gefe guda, in kuma sansar a jikin sanda ko rak take to tana nan tana cewa an juya digiri 20 alhali mota tana tafiya sak, ka sha kwana kaɗan sai birki ya kama. Gyaran shi ne a mayar da sitiyari kan alamarsa ta asali, a kulle shi a tsakiya, a gyara daga tayarod, sannan a yi saiti.

Kuma kafin alaimen ɗin ma a duba ƙafar motar. Hanyoyinmu da ramuka ba sa barin boljoyin da bushin da tayarod su daɗe, in akwai wasa a ƙafa ko bushin ɗin rak ya mutu rak yana zamewa, yau ka yi saiti jibi wutar ta dawo.

An canja min rak, yanzu hon ba ya yi, wutar eyabag da ta VSC duk sun kawo

An tsinka ribon. Lokacin da aka raba sandar sitiyari da rak ba a ɗaure sitiyarin ba, babu abin da zai tsayar da shi, wani ya jingina ko yaro ya wulwula shi yana wasa. Ribon ɗin siririyar waya ce a naɗe, zagaye wajen biyar kawai take iya yi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, biyu da rabi kowane gefe, in aka haɗa ta ba a tsakiya ba ranar da ka karya kwana har ƙarshe sai ka ji ƙas. Duk bakaniken da zai cire rak ya fara miƙe tayoyi, ya zare makulli sitiyari ya kulle ko ya ɗaure shi da bel ɗin kujera. Wajen sa sabon ribon kuma kar a cire ɗan makullin robar da yake zuwa da shi sai an zaunar da shi.

Batir kawai na canja fa

Wannan mai sauƙi ne. Wasu motocin suna manta tsakiya in wuta ta yanke. A Marsandi da Volkswagen da BMW da yawa ka tada mota, ka juya sitiyari har ƙarshen hagu, har ƙarshen dama, ka dawo tsakiya, ka ɗan yi tafiya sak a hankali, wutar za ta ɗauke. In ba ta ɗauke ba sai sikana.

In kuma wutar tana zuwa ne da safe wajen tada mota ta tafi in ka kashe ka sake tayarwa, auna batir. A kashe ya ba da volt 12.4 zuwa 12.6, lokacin tayarwa kar ya faɗi ƙasa da wajen 9.6, mota tana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Zafin Maris da Afrilu yana cin batir ba kaɗan ba, kan batir mai farin gari ko wanda aka cusa wa ƙusa don ya kama shi ma yana jawo wannan.

U0126 ya fito, sikana ma ba ta ganin sansar

Nan aikin mai wayarin ne da mita. Fiyus tukunna, kuma a auna shi kar a kalla da ido kawai. Sai a zare soket ɗin sansar a duba ko fil ya lanƙwashe ko ya yi kore, a tabbatar wuta tana zuwa, a tabbatar as, wato wayar nagetif da take haɗe da jikin mota, yana da kyau. In waɗannan sun cika sai layin da kwamfutoci suke magana a kai, wayoyi biyu ne a murɗe da juna ana ce musu CAN. A cire kan batir, a sa mita tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin sikana, a yawancin motoci za ka ga wajen om 60. In ka ga 120 layin ya yanke a wani wuri, in kusan sifili ne wayoyin sun haɗe.

Ka tambayi kanka kuma wa ya taɓa wajen kwanan nan. Masu sa tiraka da sikiriti da rediyon andiroid duk a ƙarƙashin sitiyari suke yanke-yankensu, ga ɓera, ga motocin da aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu aka yi ta ƙarin waya da salatif, ga waɗanda ruwa ya ci a Amurka aka sayo a gwanjo aka wanke aka kawo. In kod ɗin U sun fito da yawa lokaci guda daga kwamfutoci daban-daban, ba sansar ba ce, layin ne ko wuta.

Yaya ake saitin, kuma gaskiya ne ana yi da 'yar guntuwar wayar wuta ba sikana?

Sharaɗin kowace mota kusan ɗaya ne, ƙasa a shimfiɗe ba gangare, iskar taya daidai, tayoyi saiz ɗaya, alaimen ya riga ya yi, sitiyari a tsakiya, giya a P, batir mai ƙarfi, kuma ba mai jingina da motar ko rufe ƙofa ana cikin yi. Ka ga garejin da ƙasarsa duk kwari da tudu ne, in an yi a nan an koya wa kwamfuta karkatacciyar tsakiya, gara a tura motar filin gidan mai. A sikana ake zaɓar saitin, minti kaɗan ne, sannan a fita a yi tafiya sak kamar a gudun 40 na ɗan lokaci don wasu motocin a nan suke ƙarasa koyo.

Maganar waya gaskiya ce a Toyota da Lexus na da, ana haɗa fil na 12 da na 4 a soket ɗin sikana ana sakewa wasu lokuta a jere. Amma matakan suna canjawa daga shekara zuwa shekara, kuma fil na 16 wutar batir ce kai tsaye ko mota a kashe, hannu ya kauce ka taɓa shi da wani fil ɗin ka ƙona abin da ya fi kuɗin sikana sau nawa. Wanda bai da littafin motar a gabansa ni ban ba shi shawara ba.

Yallabai sitiyarina ya yi nauyi kamar na tifa, ita ce?

Da wuya. In motar mai man sitiyari ce duba mai da bel da famfo. In mai lantarki ce irin Corolla daga 2009 zuwa sama, akwai wata sansa daban da take auna ƙarfin da hannunka ya sa, ita ce in ta samu matsala taimakon yake ɗaukewa wutar P/S ko EPS ta kawo, a Toyota kod ɗinta daga C1511 ne zuwa sama kaɗan. Mutane suna haɗa su biyun su sayi wadda ba ita ba. Raunin batir ko altaneta ma yana sa sitiyarin lantarki nauyi musamman a go-sulo da AC a kunne.

Tsohuwar Suburban gare ni ta wajen 1998, ina cikin kwana sai sitiyari ya saki lokaci ɗaya

Yawwa, wannan kam sansar ce ake fara zargi. Manyan Chevrolet da GMC na ƙarshen shekarun 1990 suna da wani tsari da ake ce wa EVO mai rage ko ƙara ƙarfin man sitiyari gwargwadon gudu, sansarsu tana gindin sandar sitiyari kusa da ƙafar direba kuma irin mai gogawar nan ce. In ta cinye sai ta ba da labarin ƙarya cewa ka fizgi sitiyari, famfo ya saki mai gaba ɗaya, sitiyari ya yi sakayau a tsakiyar kwana kamar ka taka santsi. Ana gwada ta da mita a kan wayar sigina makulli a kunne, ana juyawa a hankali, wutar ta dinga hawa da sauka sumul tsakanin 0 da 5, mita mai allura ta fi nuna tsallen. Kar a huda wayar da allura, a shiga ta bayan soket.

Zan iya ci gaba da hawa haka?

In wutar a tsaye take ba ƙiftawa, tsarin ya kashe kansa, birkinka na yau da kullum yana nan, za ka iya kai ta gareji har ka yi kwana biyu kana lallaɓawa. Sai dai ka san ba ka da mai taimako in ta zame, kuma taimakon ba ƙarami ba ne, hukumar kiyaye haɗura ta Amurka NHTSA ta ƙiyasta yana rage haɗarin da mota take yi ita kaɗai da kashi 34 cikin 100 a ƙananan motoci, 59 a jif-jif. Da damina ko doguwar tafiya da iyali ni ba zan so ba.

In kuwa tana kama birki da kanta, wannan kar ka hau babban titi da ita, ka yi tunanin ta yi maka haka tirela tana bayanka. In akwai maɓallin kashe VSC ko ESP ka danna ka tafi gareji a hankali. Masu cewa a zare fiyus ɗin ABS a huta, ka sani ABS ɗin ma ta tafi kenan, a wasu motocin har da maleji.

In ta tabbata ta mutu, sabuwa ko 'yar Beljiyam?

Ni na fi son orijinal 'yar Beljiyam a kan sabuwar da ba a san asalinta ba, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Zuba ko Ladipo duk ana samu. Sharaɗi ka tafi da tsohuwar a hannu a haɗa lambar da take jiki, kar ka yarda da ai duk ɗaya ne, Camry ɗaya shekara ɗaya za ka samu mai VSC da marar shi, soket ya yi kama amma ciki daban. Ka duba ba a wulwula ta ba, ka yi magana da mai shago a kan in ba ta yi ba za ka dawo da ita, kuma a gwada ta a sikana kafin a rufe murfi. Bayan an sa dole saiti, wasu Marsandi da BMW da Volkswagen ma sai an yi mata kodin da motar.

Zan iya cirewa da kaina a gida?

In sai an cire sitiyari, eyabag yana hanya, shi ne abin tsoro. Miƙe tayoyi, kashe mota, cire kan batir na nagetif, jira aƙalla daƙiƙa 90 a Toyota, Honda sun ce minti 3, ni dai in ka ba shi biyar ba ka yi asara ba. Duk soket mai ruwan ɗorawa na eyabag ne, kar ka kuskura ka sa masa mita ko fitilar gwaji. In ka ciro shi ka ajiye tambarin yana kallon sama, nesa da yara. Ka yi alama da maka a kan sanda da sitiyari kafin ka zare, ka bar notin a 'yan zare kaɗan lokacin da kake jijjigawa don kar ya fizgo ya fasa maka baki. In ba ka taɓa yi ba gaskiya kai wa wanda ya saba.

Zan sayi mota, ta yaya zan gane an ɓoye wannan matsalar?

Murɗa makulli zuwa inda dashbod yake kawowa kar ka tayar, mai maɓalli kuma danna sau biyu ba tare da taka birki ba. Wutar ABS da ta eyabag da ta motar nan mai zamewa da cek injin duk dole su kawo, in ka tayar su ɗauke bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kawo ba sam an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, wasu ma haɗa ta suke da wutar oyil don su ɗauke tare, don haka ka lura in duk sun mutu a daƙiƙa ɗaya cif. Ka ƙirga zagayen sitiyari daga tsakiya zuwa hagu da zuwa dama ka ga ko sun yi daidai, ka danna hon a kowane ƙarshe, ka duba saiz ɗin tayoyi huɗun, sannan ka zo da mai sikana naka, ba na dillali ba, a karanta ABS da eyabag bayan kun dawo daga gwajin titi.